Tambaya da Amsa: Ɗaurin Bol da Noti a Ginin Ƙarfe

Tambayoyin wannan fitowa sun taru ne a kan ginin ƙarfe: sito, rumfar gidan mai, turken sadarwa da makamantansu, inda bol da noti ke riƙe da nauyin da ke saman kawunan mutane. Mun gajarta wasu tambayoyin, mun kuma haɗa masu kama da juna.

Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Kano, mun samu aikin haɗa ƙarafan wani sito. Na sayi bindigar noti mai batir, a jikin kwalinta an rubuta ƙarfin murɗi Nm 1,000. Zane ya ce bol M20, wato mai kaurin milimita 20, mai lambar ƙarfi 8.8, a ba shi cikakken ɗauri. Mun ɗaure duka da bindigar har ta daina juyawa, amma injiniya ya ce bai karɓa ba. Me ya rage, alhali bindigar ta fi ƙarfin abin da ake nema?

Wa alaikumus salam, Malam. Injiniyan yana da gaskiya, kuma ba ƙarancin ƙarfin bindigarka yake tsoro ba. Damuwarsa ita ce babu wanda ya san nawa ta ba kowane bol.

Abin da ke riƙe farantan ƙarfe biyu ba murɗin noti ba ne, jan da bol ya yi ne. Idan ka juya noti, bol yana ɗan miƙewa kamar sifirin mai tauri, miƙewar da ido ba ya gani, sai ya riƙa ƙoƙarin komawa tsayinsa, ya matse farantan da juna. A ƙa'idar Turai ta EN 1090-2, wadda zane-zane da yawa ke bi, bol M20 mai lamba 8.8 ana so ya matse da kN 137, wato kusan nauyin tan 14. Mai lamba 10.9 kuwa kN 172. Ga M24 adadin shi ne kN 198 da kN 247. Ƙarfin murɗi, wanda masu aiki ke kira tok, ana auna shi da Nm, hanya ce kawai ta kai wa ga wannan ja. Kuma hanya ce mai yawan asara: kusan rabin ƙarfin da ka sa yana ƙarewa a gogayya tsakanin fuskar noti da wosha, kusan kashi 40 cikin 100 a gogayyar zare, abin da ke shiga miƙar da bol bai wuce kashi 10 ba.

Yanzu duba yadda bindigar take aiki. A cikinta akwai ƙaramar guduma da ke juyawa tana dukan maƙerar da soket ke kai, sau dubu biyu ko fiye a minti ɗaya. Ba ta auna komai, duka kawai take yi. Abin da bol zai samu ya danganta da daƙiƙa nawa yatsanka ya yi a kan kunama, da yawan cajin batir, da ko soket ya sake a bakin bindigar, da ko an sa sandar ƙari. Bol na farko da safe da batir cike, da bol na ɗari da la'asar da batir ya yi sanyi, ba ɗaya suka samu ba ko da mutum ɗaya ya ɗaure su. Lambar da ke jikin kwali kuwa iyakar abin da aka samu ne a ɗakin gwajin kamfani, kuma sau da yawa babbar lambar ta kwancewa ce, ba ta ɗaurewa ba. Da irin bindigarka ana iya wuce ƙima a kan M20 har bol ya miƙe ya ƙi komawa, ko zare ya fara cinyewa a cikin noti ba a gani ba, wani bol ɗin kuma a bar shi da rabin abin da ake nema. Duka biyun daga waje kamarsu ɗaya.

Shi ya sa ƙa'idar ta yarda a yi amfani da bindiga a matakin farko kaɗai, wato jawo farantai su kwanta a kan juna. Mataki na ƙarshe sai da abin da ke aunawa, ko kuma da ƙirgen juyi, wanda bayaninsa ke tafe a amsa ta gaba. Bol ɗin da kuka riga kuka buga har bindiga ta tsaya, shawararmu a cire wasu daga wurare daban-daban a duba. Idan noti ba ya tafiya da hannu daga farkon zare har ƙarshe, bol ya miƙe, a canza shi da 'yan uwansa na wannan mahaɗa.

Abu ɗaya da zai rage maka wahala: ba kowane bol na sito ne ake ba cikakken ja ba. Mahaɗu da yawa, kamar na ƙananan ƙarafan da kwanon rufi ke hawa, kwanciyar farantai kawai ake nema. Ka zauna da injiniyan ya nuna maka a zane waɗanda suke buƙatar cikakken ɗauri, ka yi musu alama.

Salam. Daga Zariya nake. Ba mu da babbar sifanar awo, ƙaramar da muke da ita a Nm 340 ta tsaya. An ce ana iya ɗaure bol da ƙirga juyin noti. Gaskiya ne, ko dabarar 'yan ci-rani ce?

Gaskiya ne, ɗan'uwa, kuma a ganinmu ita ce hanyar da ta fi dacewa da yawancin wuraren aikinmu, domin ƙura da zafi ba sa rikita ta kamar yadda suke rikita awon murɗi. Dalili a fili yake. Tazarar zaren M20 milimita 2.5 ce, ta M24 milimita 3. Idan farantai sun riga sun kwanta, duk juyin da noti ya ƙara dole ya zama miƙewar bol, ko zaren na da santsi ko babu.

Ana farawa da jera mahaɗa. Ramin bol M16 zuwa M24 ya fi bol faɗi da milimita 2, kuma bol ya shiga da hannu. Wanda aka kora da guduma zarensa ya riga ya lalace. A sa wosha mai tauri ƙarƙashin abin da za a juya idan 8.8 ne, idan 10.9 ne a sa a ɓangarorin biyu. Sai a jawo farantai, ana farawa daga inda mahaɗar ta fi tauri, galibi tsakiya, ana fitowa zuwa gefe. Wannan tsari ba ado ba ne. Duk bol ɗin da ka ɗaure yana ƙara kwantar da faranti, sai na kusa da shi ya ɗan sake, don haka a mahaɗa mai bol da yawa sai an zaga sau biyu ko uku kafin kowa ya tsaya.

A tsarin Turai wannan matakin farko ana yin sa da awo, kashi uku cikin huɗu na cikakken murɗin da aka ƙayyade wa bol ɗin. Ga M20 mai lamba 8.8 da ya zo da man kamfani a zarensa, hakan yana kamawa wajen Nm 270, ka ga ƙaramar sifanarku ta isa. Idan an gama da duk bol na mahaɗar, ba kafin nan ba, sai a ɗauki maka ko fenti a ja layi ɗaya da ya bi ta kan bakin bol, ya sauko kan noti, ya taɓa faranti. Daga nan a ƙara juyi gwargwadon kaurin abin da bol ya riƙe, har da wosha. Idan kaurin bai kai ninki biyu na kaurin bol ba, digiri 60. Daga ninki biyu zuwa ƙasa da shida, digiri 90. Daga shida zuwa goma, digiri 120. Ga M20 ke nan: ƙasa da milimita 40, digiri 60, daga 40 zuwa ƙasa da 120, digiri 90. Noti fuska shida gare shi, don haka digiri 60 shi ne kusurwa ɗaya ta koma mazaunin ta kusa da ita. Ba sai an nemi ma'aunin kwana ba.

Tsarin Amurka ya bambanta. Su suna farawa ne daga kwanciyar farantai ba tare da awo ba, sai su ƙara sulusin juyi ga bol ɗin da tsayinsa bai wuce ninki huɗu na kaurinsa ba, rabin juyi har zuwa ninki takwas, kashi biyu cikin uku har zuwa ninki goma sha biyu. Kada a gauraya su. Wanda ya fara da awon Turai ya ƙare da juyin Amurka zai wuce gona da iri.

Wannan juyi na ƙarshe ana iya yin sa da doguwar sifana, ko ma da bindiga idan an yi alama a jikin soket ana kallo. Dole mutum na biyu ya riƙe kan bol da sifana, don idan bol ya bi noti suka juya tare, ƙirgen ya tashi a banza. Layin da ya sauka kan faranti shi ne zai tona wannan: idan alamar bakin bol ta gusa daga ta faranti, bol ya juya. Kuma alherin hanyar shi ne ko bayan mako guda mai duba aiki zai zo ya gani da idonsa.

Inda take gazawa wuri ɗaya ne, idan farantai ba su kwanta ba. Faranti da walda ta lanƙwasa, ko ɗigon walda da aka bari a tsakani, ko tsakuwa, duk za su cinye juyin a rufe giɓi, bol bai miƙe ba. A goge fuskokin da garanda kafin a ɗaga ƙarfen sama.

Muna ɗaure bol masu rufin tutiya a wani aiki a Kaduna. Wasu suna ƙin juyawa, sai yaranmu suka shafa musu giris. Da muka sa sifanar awo a lambar da muka saba, Nm 550, bol uku suka tsinke kafin ta yi ƙara. Bol ɗin ne jabu?

Mai yiwuwa ne, amma lissafi ya nuna ko na ƙwarai ne zai tsinke. Murɗin da ake buƙata shi ne jan da ake so, sau kaurin bol, sau wata lamba da ke wakiltar gogayya. Ga baƙin bol yadda ya fito daga kwali ana ɗaukar wannan lamba wajen 0.20. A M20 mai lamba 8.8, kN 137 sau mita 0.020 sau 0.20 ya ba da kusan Nm 550, lambar da kuka saba. Da aka shafa giris gogayyar za ta iya sauka zuwa 0.13. Nm 550 ɗin nan yanzu yana jan bol da kusan kN 210, alhali abin da ƙa'ida ta lamunce cewa bol ɗin zai ɗauka kafin ya tsinke kN 203 ne. Ka ga ba sai an nemi laifin ɗan kasuwa ba.

Juya lissafin kuma. Bol ɗin da ruwan sama ya doka ya yi tsatsa, ko busasshen mai tutiya da ƙurar hunturu ta shiga zarensa, gogayyarsa na iya hawa 0.30. Sifana za ta yi ƙara a Nm 550, kowa ya gamsu, amma jan bai wuce kN 92 ba, kashi biyu cikin uku na abin da ake nema. Wannan ya fi tsinkewa haɗari. Bol ɗin da ya tsinke an gan shi an canza. Wanda bai ɗauru ba yana nan a sama ba wanda ya sani.

Tutiya tana da halinta. Tana da laushi, idan ta gogi 'yar uwarta ba mai sai ta dunƙule ta cije. Shi ya sa masu ƙera bol na gini ke faɗaɗa zaren notin kaɗan, su shafa masa man kansu, su sayar da bol da noti da wosha a matsayin saiti ɗaya. Ba a ɗauko noti daga wani kwali a ɗora wa bol na wani. Lambar murɗin da kamfani ya rubuta ta wannan saiti ce a halin da ya bar masana'anta. Duk wanda ya ƙara mai, ko ya wanke da fetur, ko ya bar kwalin a buɗe a rana da raɓa, ya soke lambar.

Saboda haka kwalaye su zauna a rufe a inuwa, a kan katako, a fito da na aikin rana ɗaya kawai. Idan dole sai an sa mai, to a bar awon murɗi a koma ƙirgen juyi da yardar injiniya, ko a sake gano lambar da gwaji. Akwai na'urar gwaji mai mai a ciki da geji a sama, wadda aka fi sani da sunan Skidmore-Wilhelm. Ana ɗaure ta a jikin ginshiƙi, a sa bol a ciki a ɗaure, geji ya nuna ainihin jan. A tsarin Amurka ana gwada saiti uku daga kowane rukuni kafin a fara, kuma mai aiki da awon murɗi yana sake saita sifanarsa kowace rana. Babban aiki da ba shi da wannan na'ura yana tafiya ne a kan zato.

Game da jabu: a duba kan bol, ya kasance da lamba da tambarin wanda ya ƙera, noti kuma ya ɗauki 8 ga bol 8.8, ya ɗauki 10 ga 10.9. Bol mara lamba a ɗauke shi a matsayin mai rauni. Tambari kaɗai ba hujja ba ne, a nemi takardar gwajin rukunin, idan aikin babba ne a kai kaɗan ɗakin gwaji a ja su har su tsinke.

Ƙarafan da aka kawo mana daga waje sun zo da wasu bol masu kai zagaye, ba inda sifana za ta kama, ga wata 'yar wutsiya mai tsaga-tsaga a ƙarshe. Yaya ake ɗaure su?

Waɗannan su ne bol masu yanke wutsiya, a Turai ana rubuta musu HRC. Suna da sifanarsu ta lantarki mai soket biyu, ɗaya a cikin ɗaya. Na ciki yana kama wutsiyar, na waje yana kama noti, suna tura juna ta fuskoki biyu masu saɓani. Noti yana juyawa har murɗin ya kai inda siririn wuyan da ke tsakanin wutsiya da zare ba zai iya jurewa ba, sai wutsiyar ta ɓalle. Mutum ɗaya daga gefe ɗaya ya isa, ba bugu, ba ƙara mai yawa, kuma sifanar ba ta fizgar hannu.

Sai dai kada faɗuwar wutsiya ta ruɗe ku. Tana nuna an kai wani murɗi ne, ba wani ja ba, don haka duk abin da muka faɗa a kan tsatsa da ƙura ya fi tsananta a nan. Bol ɗin da aka zura a rami aka bar shi makonni a damina zai yanke wutsiya da wuri, bai ɗauru ba. Ba a ƙara musu mai a wurin aiki. A fara da jawo duk mahaɗar ta kwanta ba tare da yanke ko ɗaya ba, sannan a dawo daga tsakiya ana yankewa. Idan wutsiya ta ɓalle a zagayen farko, a cire bol ɗin a sa sabo. Kowane kauri da soket ɗinsa na ciki da na waje, a tabbatar an yi odarsu tare da sifanar. A tanadi bokiti a sama, don wutsiyar M22 da ta faɗo daga mita goma tana iya fasa kai, kuma a shafa fenti a inda ta yanke saboda tsatsa.

Bindigarmu ta iska da safe tana da ƙarfi, idan muka hau sama sai ta mutu. Kwamfuresa kuwa geji na nuna ta cika.

Gejin tanki yake faɗa, ba abin da ke isa bindiga ba. Yawancin kayan iska an yi su ne su samu matsin iska bar 6.2 a bakinsu a lokacin da ake danna kunama. Idan kun hau sama kuna ƙara tiyo, kowane ƙari da kowane mahaɗi yana cin matsin. Siririn tiyon masu faci ba zai ciyar da bindiga mai baki inci uku cikin huɗu ba, a sa wanda cikinsa ya kai milimita 13, a rage tsayi, a sa geji kusa da bindigar a karanta shi tana aiki. A zubar da ruwan tanki kullum, a ɗiga man kayan iska kaɗan a bakin shigar iska kafin a fara. Idan kuwa sifanar iska mai awo ce, ƙa'ida ta ce duk lokacin da aka canza tsayin tiyo sai an sake gwada ta.

Masu aiki da janareta ma haka. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 da aka ja mita 50, idan na'ura na jan amfiya 10, tana zubar da ƙarfin wuta kusan volt 12 a hanya, mai 2.5 kuwa kusan 7. Kuma a karanta farantin jikin na'urar gwanjo kafin a jona: ta Amurka ta volt 120 ce, wutarmu 230, sai da taransifoma.

Bol ɗin gindin ginshiƙanmu M30 ne, injiniya ya rubuta sama da Nm 1,500. Me za mu saya ko mu yi haya? Wani ya ce mu zura dogon bututu a sifana mu hau kai.

Bututun dai a bar shi. Mutum mai kilo 70 a ƙarshen mita ɗaya da rabi yana ba da kusan Nm 1,000, idan ya yi tsalle ba mai iya cewa nawa, kuma ranar da soket ya zame ƙafa ce za ta biya.

Idan bol ɗin ba su da yawa, mafi sauƙin kuɗi shi ne akwatin giya mai ninka ƙarfi. Mai ninki 5 zai mai da Nm 300 na sifanar hannu ya zama wajen 1,500. A yi aiki da ainihin ninkin da kamfani ya rubuta, domin giya na cin nata, kuma kada a taɓa ɗora masa bindiga, haƙoran za su zube. Idan bol ɗin ɗaruruwa ne, sifanar lantarki ko ta batir mai giya ta fi. Ba ta duka, tana juyawa a hankali, ana saita mata lamba ta tsaya da kanta, wasu ma ana saita musu murɗi da digirin ƙari su yi matakai biyun. Ga manyan bol da wuraren da ba sarari akwai ta haidirolik, famfonta na kai wa matsin bar 700. Ita ba Nm ake saitawa ba, matsin mai ake saitawa daga jadawalin da ke cewa matsi kaza ya ba da murɗi kaza. Kowane kan sifana da jadawalinsa. Ɗaukar na wani a yi wa wani aiki da shi kuskure ne da ake yawan yi a kayan haya.

Duk ukun suna da ƙafar dogaro, wadda ke tokare da noti na kusa ko jikin ƙarfe don na'urar kada ta juya kanta. Duk ƙarfin da ke kan noti yana kan wannan ƙafa, ta ɗaya fuskar. Muna roƙon masu aiki da babbar murya: hannu kada ya shiga tsakanin ƙafar da abin da za ta tokara. Tana tafiya a hankali, shi ya sa ake raina ta, amma ba ta tsayawa don yatsa. A kwantar da ita a wuri mai faɗi, daidai da tsayin soket, kada ta hau gefen da za ta zame. A na haidirolik, mai riƙe sifana shi ya riƙe maɓalli. Idan tiyo ya huje kada a nemi wurin da hannu, man da ke fita a wannan matsi yana huda fata, kuma aikin asibiti ne na gaggawa ko da ramin bai fi na allura ba.

Soket kuma baƙi mai kauri na bugu, da fil da zoben roba. Mai ƙyalli na hannu yana fashewa. A lura notin bol na gini ya fi na kasuwa faɗi: M20 soket 32 yake ci maimakon 30, M24 kuma 41 maimakon 36.

Ta yaya zan san sifanar awona ba ta yi ƙarya? Shekararta uku ba a taɓa gwada ta ba.

Ƙa'idar ISO 6789 ta ce a gwada bayan wata 12 ko ɗauri 5,000, wanda ya riga zuwa, kuma ga ɗaurin ƙarshe na ginin ƙarfe kuskurenta kada ya wuce kashi 4 cikin 100. Taka ta daɗe da wuce lokaci, balle idan ta taɓa faɗowa.

Kafin ka kai ta wurin masu gwaji, ga abin da za ka iya yi a shago. Ka matse bakinta a bais ta miƙe a kwance. Ka auna daga tsakiyar bakin zuwa tsakiyar mariƙi, a ce rabin mita. Ka auna jarkar ruwa a sikeli ta zama kilo 20 cif, ka rataye ta a tsakiyar mariƙin a hankali. Kilo 20 sau 9.81 sau 0.5 ya ba da Nm 98. Idan an saita ta a 90 ta yi ƙara, a 105 kuma ta yi shiru. Wannan zai tona babbar ƙarya kawai, ba ya maye gurbin takardar gwaji.

A wurin aiki a ja ta a hankali daga tsakiyar mariƙi, ƙara ɗaya a tsaya. Masu ƙara ja sau biyu don tabbatarwa suna ƙara murɗi ne. Ba a kwance noti da ita, ba a aiki da ita ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na iyakarta, kuma idan an tashi a mayar da ita lamba mafi ƙanƙanta don sifirin ya huta. Idan an sa mata ƙarin baki da ya tsawaita ta, lissafi ya canza: sifana mai milimita 500 da ƙari mai 100, idan ana son Nm 300 a saita 250. A kuma duba ma'aunin da ke jikinta, don ta Amurka da fam-ƙafa take ƙirga, kuma 100 nata Nm 136 ne.

Mun kwance wani tsohon sito za mu sake kafa shi. Za mu iya mayar da bol ɗin? Kuma ko mu ɗiga walda a kan noti don kada ya kwance?

Bol ɗin da aka taɓa ba cikakken ja a sayi sabo, musamman 10.9 da masu tutiya. Ya riga ya miƙe, man zarensa ya tafi. Walda kuwa kada ta taɓa bol 8.8 ko 10.9, domin ƙarfinsu daga gashin wuta da sanyayawa a masana'anta ya samu, zafin walda yana warware shi. Wosha mai tsaga ta sifirin ma ba ta da aiki a nan, tana bajewa tun kafin a kai rubu'in jan. Bol ɗin da ya samu cikakken ja ba ya buƙatar makulli. Wajen zaɓen tsayi, a tabbatar aƙalla zare ɗaya cikakke ya leƙo bayan noti, kuma noti bai kai ƙarshen zare ya tokare da santsin jikin bol ba, don a nan sifana za ta yi ƙara alhali farantai ba su matsu ba.